Abin da Mai Gadi na Biyu Ya Koya wa Hafsa

Aikin farko da nake yi kowace safiya, tun kafin in dama kokon yarinya, shi ne kwance manet. Manet dai kun san shi, abin nan da kuke riƙewa kuna dannawa, in an kashe ku a wasan tele ku buga shi a gwiwa kamar shi ya yi laifin. Ina da ƙaramin sukudireba mai tsinin allura, da tsohon buroshin haƙori, da auduga, da 'yar kwalbar alkol ta farmasi. In na buɗe cikinsa, me nake tararwa? Gumi da ya bushe ya zama gishiri, garin ƙuli-ƙuli, yajin tsire, har ƙayar kifi na taɓa cirowa. Kowace roba sai na ɗaga ta na goge ƙarƙashinta, in mayar da ita daidai mazauninta. In ta karkace kaɗan, za ka danna gudu, mutuminka ya tsaya yana kallon ajalinsa, sannan ka juyo ka ce, "Tanti, manet ɗinki ne."

Ku ne kuma, in kun jeru a bencin ƙofa, kuke cewa Maman Hafsa ta samu aikin hutu: ta kunna tele, ta zauna, ta kalli agogo. Har na ji wasu cikinku na shawarar haɗa hannu su buɗe tasu sal ɗin wasa, wato shago irin nawa, a Kégué. Ku buɗe, Allah ya ba da sa'a. Amma ku ji wannan tukuna.

Wajen yayana Bashiru na koya, a shagonsa na bayan kasuwar Hédzranawoé. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makaranta, ina taya uwata sayar da shinkafa da wake, sai ya ce a ba shi ni in riƙa yi masa shara. Na daɗe a wurin bai bari na taɓa injin wasan ba. Kujera ya ajiye mini a bayan masu wasa, ya ce, "Ke Ramatu, bar kallon tele. Tele ba za ta fasa miki kaya ba. Ƙeya za ki kalla." Da farko na ɗauka wulaƙanci ne. Daga baya na gane. Wanda zai yi jifa da manet, kafaɗunsa ke fara tashi. Wanda ya gudo daga lakwal, ƙofa yake waiwaya ko ba a yi motsi ba. Biyun da za su yi faɗa, sai ka ga sun daina zagin juna, sun yi shiru. In ka iya karanta ƙeya, kana isa wurin kafin abu ya faru. Da Yaya zai koma Kumasi ya bar mini inji biyu da tele biyu. Na yi aure nan Zongo, maigidana direban tirela ne, yana hanyar Yamai fiye da yadda yake gida. Ɗakin gaba na mayar shago. Tsakanin shagon da ɗakin kwanana labule ne kawai.

Busa fankar inji wani aikin ne da ba wanda ke gani. Ƙurar tireloli tana shiga ta toshe shi, ya yi zafi, ya riƙa kuka kamar injin niƙa, ya mutu a tsakiyar wasa. Da ɗan famfon keke nake busawa, ina riƙe fankar da tsinken tsintsiya don kada ta juya ta lalace. Da magariba kuma in cire kowace waya in naɗe, in kwashe injinan in sa a kabad. Kabad ɗin ƙarfe ne, maƙeri ya haɗa mini bayan an taɓa shigo mana. Ya sa masa sakata mai faɗawa da kanta in an ja ƙofar, don in hannuna da kaya in tura da ƙafa kawai. Da rana injinan na waje, kabad ɗin wayam yake, ƙofarsa a sake.

Shekarar da na haifi Hafsa ita ce mummunar shekarata. Damina ta cika unguwa, ruwa ya shigo shago har idon sawu. Wuta kuma a ɗauke a kawo, a ɗauke a kawo. Wata rana aka dawo da ita da ƙarfi, inji ɗaya ya yi ƙara ya yi hayaƙi, kuma shi ne mai ƙwallo. Duk wanda ya san wannan sana'a ya san ƙwallo ce abinci. Ya rage mini inji ɗaya, tsoho, a cikinsa akwai wani wasan ban tsoro da Yaya ya bari, ba mai taɓa shi. Sunansa na Turawa bakina bai iya ba. Mai Gadi nake ce masa, sunan ya bi shi har yau.

To ku da ba ku same shi ba, ga yadda na ɗaya yake. Kai mai gadi ne a wani tsohon otal da aka watsar a bakin teku. Ba bindiga, ba ko sanda. Tocila ce kawai, batirinta yana ci. Akwai wani abu a otal ɗin, ba ya magana, ba ka ma cika ganinsa ba. Sawunsa kake ji a bene, da ɗigon ruwa, da ƙofar da ka rufe ka dawo ka tarar a buɗe. In ya matso, ka kashe tocila, ka shiga ƙarƙashin gado ko cikin kabad, ka jira. Mai gaggawa ba ya daɗewa a wasan nan.

Na toshe taga da baƙin zane don a ga hoton da kyau, na ja bencina biyu na haɗa. Mutum ɗaya ba ya iya buga shi shi kaɗai. Sai su taru biyar shida: ɗaya ya riƙe manet, ɗaya ya haddace hanya, ɗaya ya sa ido kan batir, sauran su yi ta salati a hankali. In tsoro ya fi ƙarfin mai riƙewa, ya miƙa wa na kusa, ba gori. Na ga ɗan Zabarmawa da ɗan Kotokoli da ɗan Mina sun manne da juna a benci ɗaya kamar 'yan uwa ɗaya, ana raɗa, "Kashe, kashe tocilar, yana zuwa." Shagon shiru kamar ana jarrabawa. Hafsa tana bayana a goye tana barcinta. Manet kuwa gumi kawai nake gogewa, ko ɗaya bai fashe ba. Wasan nan ne ya riƙe mu har na gyara ɗaya injin. Shi ya sa ba na yarda a ce wai ni ba na son wasan tsoro. Na ci abinci da shi. Tsoronsa mai mutunci ne, ya san inda yake tsayawa.

Karim mai zemijan shi ne gwaninsa. In rana ta take, fasinja sun yi wuya, sai ya jingine babur a ƙofa ya shigo. Shi ya fara kai ƙarshen na ɗaya, shi kuma ya zo mini da labarin na biyu ya fito. Ya dame ni. "Maman Hafsa, in ba ki sa ba, wallahi yaran nan duk shagon mararraba za su koma. Can har sun sa."

Zuba sabon wasa ba a yi da ka. Ɗaukar injin nake yi in naɗe a zane in kai wa Fo Kossi a Cacavéli, shi ke zuba mana. Kuma dokar Yaya ce, ba a sa wa mutane wasa sai an buga shi a gabanka ka gani. Na tambayi Fo Kossi, mai kirana Davi, ya ce, "Davi, abu ɗaya ne da na farko, hoto ne kawai ya fi kyau." Na dawo na rufe ƙofa, na sa Karim ya buga ina kallo. Farkonsa kuwa kamar na ɗaya: otal, duhu, tocila. Na ce to, a buɗe wa jama'a. Ashe ladabin baƙo ne, na ranar farko.

Kafin a yi nisa sai ga bindiga. Daga bindiga sai babbar bindiga. Abin da a da ba ka gani, yanzu irinsa sun cika ko'ina, suna faɗo maka daga rufi da ihu, kana harbi hanji na zuba. Hanyar da a da sai an haddace, yanzu kibiya ce a saman tele tana nuna maka. To me za ka yi da aboki? Kowa ya zama shi kaɗai, sauran suna jiran ya mutu su karɓa, suna yi masa dariya. Na ɗaya yana sa ƙeya ta sunkuya a hankali. Na biyu zabura yake sa ta, kamar an watsa wa mutum ruwan zafi. Wannan ba tsoro ba ne, firgita ce, ko ni in na laɓe bayan ƙofa na yi ihu zan iya. Maɓallin harbi na manet biyu ya karye a wata na farko. Hoto dai ya fi kyau, ban musa ba, har gashin hannun mutum kana gani. Jama'a kuma sun cika, ban musa wannan ba ma.

Duk wannan da zan haƙura. Amma can tsakiyar wasan, inda sai gwani ke kaiwa, sai su karɓe maka bindiga, su mayar da kai ƙaramar yarinya, 'yar mai gadin. Fitilun gida su mutu gaba ɗaya. Sai wata mata ta shigo, sanye da kayan uwar yarinyar, tana bin ɗakuna tana kira. Ba ta ihu. Murya mai sanyi, irin ta mai lallashin jariri: "Viens, ma chérie, maman est là." Wato zo, 'yata, ga Mama nan. Aikinka ka shiga kabad, ka danna maɓalli yarinyar ta toshe bakinta da hannu biyu. In ka amsa, ko ka yi motsi, ta buɗe ƙofar. Abin da take yi bayan nan ba zan rubuta ba.

Ina tambaya, waɗanda suka zauna suka tsara wannan, ba uwa ce ta haife su ba? Duk dodannin duniya sun ƙare ne sai muryar uwa?

Hafsa lokacin tana shekara huɗu. Masu cewa don me na bari ta gani, su zo su tsare 'yar shekara huɗu da labule in gani. In kore ta ta nan, ta kwanta a ƙasa ta leƙo ta ƙarƙashi. In rage murya, da na juya baya ku ƙara. Sannan Karim, da girmansa da gemunsa, ya mayar da abin wasa. In ya hango ƙafarta a bayan labule sai ya siranta murya, ya juya maganar matar da Hausa: "Hafsaaa, zo, ga Mama. Fito, ba zan dake ki ba." Ku kuma ku kwashe da dariya tana gudu. Na ce masa, "Karim, ka bari." Ya ce, "Haba Maman Hafsa, c'est juste un jeu, wasa ne kawai, ai ita ma dariya take." Ba dariya take ba. Ni da ke karanta ƙeyar ƙatti, ta 'yata ce zan kasa?

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, zafi kamar a tanda. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasa. Shagon da tagarsa ke toshe ya yi duhu ɗif. Masu wasa suka fita benci shan iska suna tsinar masu wuta. Ni ina tsakar gida ina sauke tukunya. Na zuba wa Hafsa nata, na kira ta. Shiru. Na sake kira, shiru. Na duba ɗaki, na duba bayi, na leƙa shago na kira, ba kowa. Na fita na tambayi na benci, suka ce ba su ga fitarta ba, amma kuma ba wanda ya lura.

Kun san layinmu. Ƙarshensa babban titi ne, tireloli ba sa tsayawa don yaro. Ga kwalbatin nan a buɗe. Ga rijiyar gidan maƙwabta ba murfi. Kafin a jima unguwa ta fito. Inna, uwar maigidana, ta yar da carbi ta fito ba takalmi tana cewa, "Na faɗa, na faɗa shagon nan ba alheri ba ne." Mata suka bazu lungu-lungu. Karim ya tashi babur ya nufi titi. Wani ya ɗauko gora yana taɓa cikin kwalbati, na kau da kai.

Kowa kuma da irin kiran da ake yi wa yaron da ake zaton tsoron duka ya sa shi ɓuya. Inna na cewa, "Hafsatu, 'yar gidan Inna, fito ga alewa." Ni na koma shagon har sau biyu, na durƙusa cikin duhu, na sassauta murya iyakar iyawata: "Hafsa, ga Mama. Fito, ba zan dake ki ba." Ko numfashi ban ji ba.

Ana kiran la'asar Karim ya dawo, ba labari. Ya same ni a ƙofar shago ina wannan kiran. Ya tsaya. Na ga fuskarsa ta sauya.

"Maman Hafsa, kafin ta ɓata wutar ta ɗauke, ko bayan nan?"

"Me ya dame ni da wuta yanzu?"

"Don Allah ki faɗa mini."

"Kafin."

Ya dafe kai. Ya ce, "Ki daina lallashi. Ku duka ku yi shiru. Inna, don Allah a yi shiru. Maman Hafsa, zage ta."

Inna ta ce, "Wannan yaron ya sha wani abu ne? Yarinya ta ɓata ka ce a zage ta?"

"Inna, a wasan in wuta ta mutu matar ke zuwa. In ta kira da daɗin baki, ɓuya ake yi, ba a amsawa. Abin da yarinyar nan take yi ke nan, kuma daidai take yi. Amma matar ba ta faɗa, ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗaga murya ba. Maman Hafsa, yi mata irin wanda kike mana in mun yar da manet."

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Na tsaya tsakiyar shago na ce, "Ke Hafsatu! Don ƙaniyarki, wa ya zubar mini da kwalbar alkol? Wallahi in na kama ki yau sai na zane ki!"

Shiru. Sai daga cikin kabad, can ƙasa-ƙasa, aka ce, "Ba ni ba ce."

Ashe ta shiga ta ja ƙofar, sakata ta faɗa. Ƙarfe ne, ba ta inda iska ke shiga sai bakin ƙofa, ga rana tana dukan bangon bayansa. Na ciro ta jiƙe sharkaf, jiki ya saki, leɓe ya bushe, shatin faratanta a kumatu inda ta danne bakinta. Duk shigar da na yi tana jina. A babur ɗin Karim muka kai ta asibiti, aka ƙara mata ruwa. Malamar asibitin ta tambayi tsawon lokacin da ta yi a ciki, da na faɗa sai ta dube ni kawai.

Washegari na naɗe injin a zane na kai Cacavéli. Na ce wa Fo Kossi ya goge shi, kada ya bar ko ƙurarsa. Ya ce, "Davi, wannan ne ke kawo miki mutane fa. Kuma ai sun rubuta a jiki, na manya ne." Na ce sun rubuta wa ƙasarsu, inda kowa ke da ɗakinsa da ƙofa da makulli. Ni labule gare ni. Ya goge. Daga nan na biya wajen maƙeri ya zo ya cire sakatar, ya huda wa kabad ramuka a sama.

Sauran kun sani, da ku aka yi. Rabinku kun koma mararraba. Wani har ya ce mini, "Tanti, ke dai kin tsufa ne." Na ɗaya yana nan a injin, amma wanda ya saba da bindiga ba ya iya zama ƙarƙashin gado yana jira, sai ya ce wasan ba ya tafiya. Karim bai tafi ba. Ƙwallo kawai yake bugawa yanzu, kullum da biskit a aljihu, Hafsa kuma har yau ba ta karɓa daga hannunsa, sai ya ajiye a benci ya fita.

To ga abin da nake so masu shirin Kégué su sani. Za ku koyi kwance manet a mako ɗaya, busa fanka a rana ɗaya. Abin da ba wanda zai koya muku shi ne duk abin da kuka kunna a ɗakin nan ba ya tsayawa a tele. Yana bin mutane gida, har wanda bai biya ba, har wanda bai riƙe manet ba. In an tambaye ni wanne ya fi, na ɗaya ko na biyu, ba na duba hoto. Na ɗaya, in an kashe inji ya mutu. Na biyu an goge shi tun bara, yana nan a gidana.

Jiya ma na sake gwadawa. Tana tsakar gida tana wasa da murfin kwalba, na zuba abinci, na ce a hankali, "Hafsa, 'yar Mama, zo ki ci." Hannunta ya tsaya. Ba ta waiwayo ba. Na ga idonta yana neman ƙarƙashin tebur. Sai na ce, "Ke! Tashi ki zo nan kafin in iso wurin!" Ta taso da gudu tana dariya ta rungume ƙafata.

Sabuwar maƙwabciyarmu, wadda ta tare watan jiya, tana shanya a igiya. Ta girgiza kai, ta ce wa Inna yadda zan ji, "Hajiya, wannan surukar taki ko kaɗan ba ta da tausayin yaro."

Inna ba ta ɗago daga tsintar shinkafarta ba. Ta ce, "Bar ta. Haka ake kiran yara a gidan nan."